Kati Mai Fanka Uku da Waken Iya Abu

Ba zan taɓa mantawa da Juma'ar nan da na tara mutanen unguwarmu a Gumel don su shaida ɗaukakata ba, suka watse da labarin da har yau ake ba wa baƙi. Ko yanzu in na tuna sai dariya ta kama ni, ina gama dariyar kuma kunyar ta dawo sabuwa fil.

Bari in fara gaya maka yadda nake kallon kaina a lokacin. Na gama difloma a fannin kwamfuta na dawo gida, aiki bai samu ba, amma suna ya samu. Abokai suka laƙaba mini Injiniya (asalin abin, wani na taɓa hure wa datti daga cikin laftof ta daina kashe kanta, shi ke nan fa). Na riƙe sunan nan hannu bibbiyu. Tafiyata ta canza, na fara rataya jaka ko da babu komai a ciki sai caja. Mai injin markaɗen unguwarmu ya daɗe da kwashe kayansa ya koma Gagarawa, don haka duk mai markaɗe sai ya taka har bakin kasuwa. Ranar da Inna ta ce in kai mata wake, sai da na dafe ƙirji.

"Haba Inna, injiniya guda da bokiti a ka?"

"In an yi alalen dai injiniyan ne ke fara miƙo kwano," in ji ta. Ta yafa mayafinta ta nemi wanda zai kai mata.

To, Baba yana da shago guda a bakin titi, wanda tela ya tashi ya bari. Mu biyu muka sa masa ido. Yaya Sabo, babban wana, yana so ya riƙa tara riɗi da zoɓo a ciki. Ni kuma gidan gem nake son buɗewa, inda samari za su biya su buga ƙwallo a allo. Kuma ba irin na kowa ba. Kwamfuta zan haɗa da hannuna, wadda hotonta zai fito tar har ka ga gumi a goshin ɗan wasa. Ba wasa nake ba, shagon nan shi ne kaɗai hanyar da nake hange ta fita daga zaman jiran abincin gida, kuma na ƙwallafa rai a kansa ba kaɗan ba.

Da na kai wa Baba maganar, sai ya dube ni.

"Wato mutane su ba ka kuɗinsu don su yi wasa?"

"E, Baba."

"Kai kuma me kake yi a lokacin?"

"Ina kula da na'ura."

"Ikon Allah," in ji shi. Amma Baba mutum ne mai adalci. Ya ce, "Je ka haɗa abin naka. Ranar da ka shirya zan zo in gani da idona. In ya yi aiki na gamsu, shago naka ne. In bai yi ba, Sabo ya zuba riɗinsa, kuma kada in ƙara jin zancen."

Na riga na tara kayan haɗin ɗaya bayan ɗaya, abu guda ya rage, shi ne katin hoto, wanda samari ke kira girafik kad. Ga wanda bai sani ba, wani faifai ne mai fanka a jiki da ake soke wa kwamfuta a ciki, shi ne ke zana duk abin da kake gani yana motsi a gem. In ya yi rauni, 'yan wasa su riƙa tafiya suna tsayawa kamar masu ciwon ƙafa. A duk kayan kwamfutar gem shi ne mai tsada, kuma a nan ake gane wanda ya iya saye.

Ni kuwa na iya, wallahi na iya, wannan shi ne abin haushin. Na ƙarar da data ba iyaka ina kallon masu gwada katuna, har na haddace sharuɗɗan kamar karatun allo. Kati mai kyau ba shi ne mafi girma ba, wanda ya dace da kai ne. Ya zama zai shiga akwatin kwamfutarka. Ya zama ba ya zuƙar wuta, tunda da ɗan ƙaramin janareto zan yi aiki. Ya zama ba ya ɗaukar zafi, don wanda ya san bazarar Gumel ya san ba a ƙara mata. Gem ɗin ƙwallo kuma ba ya buƙatar dodon kati, madaidaici ya ishe shi. A teburin mai shayi har wa'azi nake yi a kan wannan. Ina cewa, "Duk wanda ka ga ya sayi kati don fitilu da yawan fanka, to kallon kitse yake wa rogo." Mutanen da ko linzamin kwamfuta ba su taɓa riƙewa ba suna gyaɗa kai suna cewa, "Sai Injiniya!"

A wani guruf na waya na samu mai irin katin da nake nema. Sunansa Isufu, mutumin Damagaram, ya rufe gidan gem ɗinsa yana sayar da kayan. Muka yi da shi zai tsallako da su Maigatari ranar Alhamis, ranar kasuwa. Abin ya zo daidai, domin jarina raguna biyu ne da na yi wa kiwon turke, a can dama zan sayar da su.

Sai Baba ya ce ba zan tafi ni kaɗai ba, in tafi da Kawu Ilu.

Dole in tsaya in yi maka bayanin Kawu Ilu. Ƙanin Inna ne, dillalin dabbobi a karar Maigatari tun kafin a haife ni. A danginmu ba a sayen abin da ya fi kaza girma sai da shi. Gadon auren yayata shi ya yi cinikinsa, firjin gidan Yaya Sabo shi ya yi cinikinsa, kuma duk da hannu yake gwada su. Ƙa'idarsa ɗaya ce a duniya: ɗaga ka ji nauyi. A wajensa ido yana ƙarya, bakin mai kaya yana ƙarya, amma nauyi ba ya ƙarya.

Ranar nan na ga aiki a kara. Kawu ya ja ragunana ya shiga cikin mutane yana yi musu kirari kamar 'ya'yan sarauta. Wani ya taya, Kawu ya ce albarka ko kallonsa bai yi ba. Wani ya ƙara, Kawu ya kama hannun mutumin ya ɗora a gadon bayan rago ya ce, "Taɓa ka ji, Alhaji, wannan ba iska ba ce." Kafin rana ta take, an sallama su da darajar da ban yi mafarki ba. Na fito daga kara ina jin kamar in yi tsalle, ina kallon Kawu kamar wani waliyyi. Da a lokacin ya ce mini rana daga yamma take fitowa, cewa zan yi ai dama na lura.

A haka muka isa wajen Isufu, a wata rumfa bayan masu sayar da wayoyi. Mutum ne siriri mai fara'a, da kwali a gabansa. Bayan gaisuwa ya zaro mini katin da muka yi magana. Ɗan madaidaici, fanka biyu, tsaf da shi, ko tsatsa babu. Na juya shi, na duba lambarsa, shi ne dai wanda na yi wata da watanni ina mafarki. Har na buɗe baki zan ce a yi ciniki.

"Miƙo nan," in ji Kawu.

Ya ɗora shi a tafin hannu, ya ɗan jijjiga shi sama da ƙasa. Na ga fuskarsa ta yamutse.

"Wannan ramammen abin za mu ba da raguna biyu a kansa? Ai wannan ko iska ta taso sai ta tafi da shi." Ya leƙa cikin kwalin. "Wancan na ƙasa fa, da ka lulluɓe da tsumma?"

Isufu ya ce, "Alhaji, wancan tsoho ne. A zamaninsa babba ne ƙwarai, amma ba zai yi wa abokina ba."

Ka san dillali. Da zarar mai kaya ya ce wani abu ba zai yi maka ba, to a wajensa nan aka ɓoye na kirkin. Kawu ya ce a fito da shi.

Jama'a, da Isufu ya yaye tsumman nan sai da na haɗiyi yawu. Tsawonsa ya kai daga gwiwar hannuna zuwa yatsu. Fanka uku reras, ga wasu bututan jan ƙarfe sun lanƙwaso ta gefe kamar ƙahon rago. Kawu ya sa hannu biyu ya ɗaga, ya ɗan cilla shi sama ya cafe, sai fuskarsa ta washe. Ya bi bayansa da babban yatsa yana dannawa. Ya hure fankokin ɗaya bayan ɗaya. Har ɗaga shi ya yi saitin rana yana leƙa tsakanin ƙarafan, yadda yake buɗe bakin rago ya duba haƙora.

"Yauwa," ya ce. "Yanzu na ga kaya."

Allah ya sani, Isufu bai cuce mu ba. Bawan Allahn nan ya yi iya yinsa. Ya ce, "Alhaji, in gaya maka tsakani da Allah, wannan yana cin kuran. Ci na gaske. Ordinatar ɗina kanta da ƙyar take ɗaukarsa." (Kuran ita ce wutar lantarki a bakin mutanen Nijar, ordinatar kuma kwamfuta.)

Kawu ya zungure ni da gwiwar hannu. "Ka ji ko? Yana ci. Ai dabbar da ba ta ci ita ake gudu."

"Kuma yana zafi, Alhaji."

"Jini ne ke gudu a jikinsa."

"In ya ɗauki aiki kuma yana da ƙara."

"To rago mai lafiya ai da muryarsa ake gane shi."

Da Isufu ya faɗi kuɗinsa aka ji har bai kai na ƙaramin ba, Kawu ya jawo ni gefe ya raɗa mini a kunne, "Yaron nan bai san abin da yake da shi ba. Kame fuskarka, kada ka nuna zumuɗi."

Na daɗe ina ba da labarin nan ina ɗora wa Kawu komai, ina cewa kunyar babba ce ta hana ni magana. Akwai wannan ɗin, amma kaɗan ce. Maganar gaskiya, tun da na ga fanka uku zuciyata ta tafi. Da Isufu ya jona shi a wata kwamfuta don mu ga yana tashi, wasu fitilu suka fara zagaye jikinsa, ja ya bi kore, kore ya bi shuɗi. Nan take haddar nan tawa ta zube gaba ɗaya. Na fara hango kaina a shago, samari sun yi cincirindo, Yaya Sabo yana tsaye a waje da buhun riɗinsa babu wajen ajiyewa. Ni da ke yi wa mutane wa'azin kitse da rogo, ga ni na saki baki a gaban rogon, har da yawu.

Isufu ya dube ni ido cikin ido ya ce, "Abokina, kai ne ka san aikin. Ka tabbata?"

Ka ga ƙofa a buɗe ko? Sai na gyara jakata na ce, "Kada ka damu, na san yadda zan sarrafa shi."

Kawu ya shiga ciniki. Ya kushe katin da ya gama yabo, ya yi fushi ya tafi, ya dawo, ya ƙara tafiya, ya haɗa Isufu da zumuncin Gumel da Damagaram tun na kakanni. Daga ƙarshe Isufu ya ce ya sallama, amma babu garanti. Suka tafa, aka yi fatan albarka. A ƙa'idar kara kuwa, in aka tafa ciniki ya faɗa, ko dabbar ta faɗi a bakin ƙofa taka ce. A motar dawowa na rungume katin a cinya kamar jariri. Wani dattijo mutumin Sule Tankarkar da ke gefena ya leƙa ya tambaya ko na injin ban ruwa ne. Kawu ya ce, "Ya fi nan, Malam. Ɗaga ka ji." Haka katin nan ya zagaye motar hannu zuwa hannu, kowa ya ɗaga ya ce tubarkalla.

Da na isa gida na zo sa shi, ya ƙi shiga. Ya fi akwatin tsawo da kusan faɗin tafin hannu. Mai hankali a nan zai tsaya ya yi tunani. Ni kuwa na ɗauki akwatin na kai wa mai walda ya yanke masa gaba, wutsiyar katin ta leƙo waje, fanka ta uku tana dab da bakin ƙarfen da aka yanka. Sai batun wuta. Katin baki biyu gare shi na shan wuta, akwatin wutar kwamfutata kuma waya ɗaya ya tanada. Na yi haɗin gambiza da wasu wayoyi na naɗe da salatif. Na tayar da janareto, na danna, hoto ya fito, fitilu suka kama zagaye. Na yi ta rawa ni kaɗai a ɗaki har Inna ta leƙo ta tambaya ko kunama ce.

Amma ban kunna gem ba. Kawu ya ce sabon abu ba a sa shi aiki sai an yi masa addu'a, saboda bakin mutane. Na karɓi shawarar nan da sauri, don can ƙasan raina akwai abin da nake tsoron in gani.

Na shaida wa Baba na shirya, aka tsayar da Juma'a bayan an sauko daga masallaci. Daga nan na shiga shela. Teburin mai shayi, wajen masu cajin waya, filin ƙwallo, babu inda ban kai ba. Na share shago, na aro benci, na sayi dabino da ruwan leda, na rataya wani bargo mai kauri a ƙofa don kada hasken rana ya dusashe allo. Na sa sabuwar shaddata fara ƙal, na yi wanka da turare. Bazara ce tsakiyarta, irin ranar da ko ƙadangare ba ya fitowa, shagon kuma rufin kwano ne.

Baba ya zo da limamin unguwa da wasu aminansa. Kawu Ilu ya sha babbar riga ya zauna dab da kwamfutar, a matsayinsa na wanda ya yi ciniki. Yaya Sabo ya jingina da bango yana auna shagon da ido, na san lissafin buhuna yake yi. Samari suka cika sauran wurin har babu masaka tsinke. Liman ya yi addu'a mai tsawo, aka shafa. Na fita na ja janareto, na dawo na danna. Fitilu suka kama, shago ya ɗauki "Masha Allah!"

Don in ƙure shi, na miƙa wa Yaya Sabo abin bugawa guda na ce ya zo mu kara. Na kunna gem.

Kai, in faɗi gaskiya, hoton ya yi kyau. Fili ya fito kore shar, 'yan kallo suna kaɗa tutoci, rigunan 'yan wasa har motsi suke yi da iska. Baba ya gyara tabarau ya matso.

"Waɗannan mutanen gaske ne?"

"A'a Baba, kati ne ke zana su."

"Ikon Allah!"

Wannan "ikon Allah" ɗin ba irin na farko ba ne, na ji bambancin. Kaina ya kumbura ya kusa taɓa kwano. Na yanke Yaya Sabo, na ƙara yanke shi, na ɗirka ƙwallo a raga. Samari suka kaure da ihu, "Injiniya! Injiniya!" Liman da kansa ya ce, "Kai, ya ci shi!" A wannan lokacin, wallahi, har na fara tunanin sunan da zan rubuta a saman shago da kalar fentin.

Sai fankokin suka fara tashi.

Da farko kamar iskar hadari, na ce ba komai. Can suka koma kamar babur yana hawa tudu. Sai fanka ta uku, wadda dama ta tsufa tana rawa, ta fara gogar bakin ƙarfen da mai walda ya yanka. Ƙarrrrr! A waje kuma janareto ya canza murya, ya koma wani gurnani mai nauyi, don katin ya kafa masa baki yana zuƙa. Ƙarar ciki da ta waje suka haɗu, benci ya ɗauki rawa. Baba ya yi magana, bakinsa kawai na ga yana motsi.

"Haka yake yi!" na faɗa da ƙarfi, ina murmushin da ni kaina na san bai kai ciki ba.

Kawu ya juya wajen aminan Baba yana nuna katin da alfahari. "Kun ji lafiya ko? Ci yake yi!"

Wani hucin zafi ya fara fitowa daga akwatin. Liman ya ja da baya ya cire hula yana fifita. Wani wari kamar na roba a wuta ya fara zagaye shagon. Ni dai ina ta danne-danne, gumi yana shiga mini ido, ina roƙon Allah a raina ya kai mu hutun rabin lokaci.

Sai aka ɗaga bargon ƙofa.

Iya Abu ce, tsohuwar da ke suyar ƙosai a kan kwanarmu, ƙawar kakata marigayiya, wadda tun ina yaro take tsokanata da maigida. Ga bokitin jiƙaƙƙen wake a kanta.

"Salamu alaikum! Ashe abin alheri ya zo unguwa ba a gaya mana ba? Maigida, ina zan sauke? Mai laushi nake so, kuma kada ka cika masa ruwa."

Ban gane ba sai da na hangi bayanta. Jama'a, layi ne a jikin bango har ya sha kwana. Tsofaffi da 'yan mata, wannan da kwanon gero, wannan da masara, wannan da robar tattasai da tumatir, har an fara rigimar wa ya riga wa. Sun ji ƙarar daga cikin gidaje, ga janareto a ƙofa, ga bargo ya rufe ciki. Duk wanda ya taɓa jin injin markaɗe ya san muryarsa, kuma unguwa ta daɗe tana jiran wannan muryar.

Iya Abu ta sauke bokiti, ta ratsa tsakanin samari tana waige-waige, har ta tsaya a kan kwamfutata. Ta dubi fankokin nan uku suna juyawa, ta dubi fitilun.

"Oh, na zamani ne. Ta nan ake zubawa?"

Ta sa hannu ta ɗebo wake.

"Iya, kada ki zuba!" Na yi wani tsalle na kifa a kan akwatin, na rungume shi da farar shaddata. A daidai nan allo ya rikiɗe, fili ya koma ruwan hoda, kawunan 'yan wasa suka ɓace suka bar ƙafafu suna gudu. Sai ji muka yi fat! Wani siririn hayaƙi ya taso ta ƙarƙashin hammatata. Janareto ya yi tari ya mutu.

Shago ya yi tsit. A cikin shirun nan muryar wata mata ta shigo daga waje, tar da ita: "Ya lalace ne? Tun ba a fara ba?"

Iya Abu ta girgiza kai cikin tausayi. "Zafi ya yi. Na wancan mutumin ma haka yake yi. Zuba masa ruwa a ka, maigida, zai tashi."

Liman ne ya fara dariya. Ya toshe baki da hula, amma kafaɗunsa suka tona shi. Daga nan shago ya fashe. Yaya Sabo ya sulale ƙasa yana riƙe da ciki. Samarin da ɗazu ke kiran Injiniya suna faɗawa jikin juna. Ni kuwa ina kife a kan akwati, hayaƙi yana fita ta gefena, ina fatan ƙasa ta tsage in shige. Na juya wajen Kawu ko zai ce wani abu. Ya miƙe ya kaɗe rigarsa ya ce, "Kambun baka ne." Sannan ya kara wayar da ba ta yi ƙara ba a kunne, ya ce ana nemansa a kara. Ranar Juma'a fa, bayan kasuwa ta ci jiya.

"To ni yanzu waken nan fa?" in ji Iya Abu. "Na riga na jiƙa, ga la'asar ta kawo kai."

Baba ya share hawayen dariya da gefen rawani. Ya dube ni, ya kira ni da sunan da bai taɓa kirana da shi ba.

"Injiniya. Ɗauki waken Iya ka kai mata bakin kasuwa."

Haka na fito, da farar shadda mai tabon hayaƙi, bokiti a ka, ruwan wake yana ɗiga mini a wuya, na ratsa layin matan nan daga farko har ƙarshe. Wasu ma suka ce tunda can za ni in haɗa da nasu. Da na wuce ƙofar gidanmu Inna tana tsaye a zaure. Kallon bokitin kawai ta yi, ta kalle ni, ta koma ciki. Da ta yi magana ma da ya fi mini sauƙi.

A hanya na gama sallama shago a raina, kuma ba zan ɓoye ba, abin ya yi mini ciwo har idona ya kawo ruwa. Raguna sun tafi, kati ya ƙone, suna ya zube. Bayan magariba Baba ya kira mu ni da Yaya Sabo. Na zauna na sunkuyar da kai ina jiran hukunci.

Ashe lokacin da nake hanyar kasuwa, Baba fita ya yi ya bi layin nan yana tambayar tsofaffi daga ina suke, kuma ina suke kai markaɗe.

"Sabo," ya ce, "riɗinka ya ci gaba da zama a zaure. Yau na ga abin da unguwar nan take nema. Shi wannan ya yi ta shela, ya raba dabino, ya tara mana samarin da ko sisi ba su zo da shi ba. Su kuwa matan nan ba wanda ya gayyace su, ƙara kawai suka ji suka fito da kayansu a hannu. Inji zan sa a shagon." Ya juyo gare ni. "Na ce in abinka ya yi aiki shago naka ne. To ya yi aiki, ya kira kasuwa. Tunda kai ne injiniyan gidan, kai za ka riƙe."

Yau in ka zo unguwarmu ka tambayi shagon Injiniya, ko wace tsohuwa za ta nuna maka. Za ka same ni fari fat da gari tun daga gira har ƙafa, kuma ba wanda ya isa ya ce sunan bai dace da ni ba. Da abin da injin ya kawo na sayi ɗan madaidaicin kati mai fanka biyu, ina buga ƙwallona a ɗaki shiru kamar ba a kunna komai ba. Ranar da Kawu ya gan shi ya ɗaga ya ce ramamme ne, na ce a bar mini shi da ramarsa. Shi kuwa mai fanka ukun, da shi nake tokare ƙofar shago kada iska ta rufe ta, kuma a wannan aikin ban taɓa ganin katin da ya kai shi ba.

Abin da na koya dai, in za ka sayi abin da ake jona wa wuta, kada ka tafi da gwanin sayen abin da ake yankawa. In kuma mai kaya da bakinsa ya ce maka kayansa na ci, to tsaya ka tambaya me yake ci, kuma wa zai ciyar da shi.

Iya Abu ita ce ta farko a layi kullum. Har yau in na miƙa mata ƙullunta sai ta taɓa, ta taɓe baki ta ce, "Ba laifi, maigida. Amma wancan na farkon ya fi wannan murya."